Ayyukan Manzanni: littafin da ake bin sawun farkon addinin Kirista da shi

Duk mai son sanin yadda addinin Kirista ya faro, da yadda ya bazu daga Falasɗinu zuwa biranen daular Rum, ba makawa sai ya bi ta kan littafin Ayyukan Manzanni. Shi ne na biyar a jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari, bayan Linjila huɗu ta Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Babi 28 gare shi, da Girkanci aka rubuta shi, kuma yana ba da labarin shekara kamar talatin, daga wajen shekara ta 30 zuwa ta 62 miladiyya. Mai jin Hausa zai same shi cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa a 1932.

Marubucin bai faɗi sunansa ba. Tun ƙarni na 2 Kiristoci ke cewa Luka ne, likita abokin tafiyar Bulus. Abin da masana suka yarda da shi shi ne hannu ɗaya ya rubuta wannan littafi da Linjilar Luka, don duka biyun wani mai suna Tiyofilus aka yi wa su. Galibinsu na ganin tsakanin shekara ta 80 da ta 90 aka rubuta shi.

Daga Kudus zuwa Rum

Labarin ya fara a birnin Kudus, wato Urushalima, da mabiya Yesu kimanin 120, bayan abin da Kiristoci suka yi imani gicciyewarsa ne da tashinsa, batun da Musulmi ke da wata fahimta dabam a kansa game da Annabi Isa. Dukansu Yahudawa ne, suna kuma zuwa Haikali kamar kowa. Littafin ya ce a ranar idin Fentikos mutum wajen 3,000 suka karɓi wa'azin Bitrus.

Tsanani ne ya fitar da saƙon daga Kudus. Da aka jefe Istifanus, mabiyan suka watse, wasu Samariya, wasu Dimashƙu, wasu Antakiya, wadda ke kudancin Turkiyya a yau. A can ne waɗansu mutanen Kubrus da Kurane suka soma yi wa waɗanda ba Yahudawa ba wa'azi, kuma a can aka fara kiran mabiyan da sunan Kirista. Daga nan babbar gardama ta taso: wanda ba Bayahude ba, sai an yi masa kaciya ya bi dokokin Attaura kafin a karɓe shi? Babi na 15 ya kawo taron da aka yi a Kudus wajen shekara ta 49, inda aka yanke cewa ba dole ba ne. Ba don wannan hukunci ba, da wuya addinin ya wuce ƙungiya ɗaya cikin ƙungiyoyin Yahudawa.

Sauran littafin kusan duka na Bulus ne. Yana bin manyan hanyoyin Rumawa da jiragen ƴan kasuwa, in ya shiga gari ya fara da majami'ar Yahudawa, in an kore shi ya koma gidajen mutane. A Filibi gidan Lidiya ya sauka, wata mai fataucin jan tufafi masu tsada. A Koranti ya yi wata 18 yana ɗinkin tanti don ya ci da kansa. A Afisa maƙeran azurfa suka ta da tarzoma, don wa'azinsa ya fara taɓa cinikinsu na kayan bautar gunkiyar garin. Littafin ya ƙare da Bulus yana tsare a gidan haya a Rum shekara biyu, bai faɗi yadda shari'arsa ta kasance ba.

Yadda ake gwada labarin

Mai nazarin tarihi ba ya tsayawa kan shaida ɗaya. Abu na farko da yake ajiyewa kusa da Ayyukan Manzanni shi ne wasiƙun Bulus kansa, waɗanda suka girme shi. Goma sha uku ne ke ɗauke da sunansa, bakwai daga ciki kusan duk masana sun yarda nasa ne. Ta fari zuwa ga Tasalonikawa, ta wajen shekara ta 50, ana ganin ita ce rubutu mafi tsufa a Sabon Alkawari, ta riga ko da Linjilar Markus.

Idan aka gwama su sai a ga bambanci. Ayyukan Manzanni ya nuna an tashi taron Kudus baki ɗaya. Amma a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, Bulus ya ce ya tsare Bitrus ido da ido a Antakiya don ya daina cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Luka mai son sulhu ne, yakan sassauta. Bulus kuwa da zafinsa yake rubutu. Inda suka saɓa, masana sukan fifita wanda abin ya faru a gabansa.

Sai shaidar duwatsu. Babi na 18 ya ce an kai Bulus gaban Galiyo, gwamnan lardin Akaya. A Delfi ta ƙasar Girka an tono gutsuttsuran wani rubutun sarki Kalaudiyus da ya ambaci Galiyo, wanda ya nuna ya riƙe muƙamin a shekara ta 51 zuwa 52. Wannan shi ne turken da ake ɗaure lissafin rayuwar Bulus gaba da baya. Haka kuma a 1961 an samu dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya. Marubutan Rumawa ma sun taimaka: Tasitus ya ba da labarin yadda sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar Rum ta shekara ta 64.

Inda littafin ya yi shiru

Hanya ɗaya kawai Luka ya bi, wadda ta nufi arewa da yamma. Ko ita ma bai gama ba, don lokacin da Bulus ya rubuta wa Kiristocin Rum wasiƙa bai taɓa zuwa garin ba, alamar wasu da ba a san sunansu ba sun riga shi kai saƙon.

Shirun ya fi yawa ta wajen Afirka, ko da yake mutanenta na nan birjik cikin labarin. An lissafa mutanen Masar da na Libiya cikin taron Fentikos. Kurane ɗin da aka ambata a gabashin Libiya take. Afolos, gwanin wa'azi, ɗan Iskandariya ne. A babi na 8 akwai ma'ajin sarauniya Kandakatu da Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza. Fassara ta kira shi mutumin Habasha, amma Kandakatu sarautar mata ce ta Merowe, a bakin kogin Nilu cikin Sudan ta yau. Mutumin ya hau keken dokinsa ya nufi gida, littafin bai sake waiwayarsa ba.

Don haka wanda ke neman labarin Afirka sai ya fita daga nassi. Kibɗawan Masar na cewa Markus ne ya kafa cocin Iskandariya, kuma Yusibiyus, marubucin tarihin coci, ya kawo zancen a ƙarni na 4. Busasshen yashin Masar ne ya adana mafi tsufan gutsuttsuran takardun Sabon Alkawari da ake da su. A arewacin Afirka kuwa, takarda ta farko mai kwanan wata ita ce ta shari'ar wasu Kiristoci 12 da aka kashe a Kartaj, kusa da birnin Tunis, a shekara ta 180. Habasha ta ainihi sai a ƙarni na 4 ta karɓi addinin, zamanin sarki Ezana na Aksum.