JINGINA DA RAJISTA A BIRNIN KATSINA

Ƙofar Sauri ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina. A da, in mutum ya fita ta nan, sai gonaki da lambuna. Yanzu birni ya tsallake ganuwa, gidaje sun cinye yawancin gonakin, har sunan ƙofar ya zama sunan unguwa. Filin da kakanni suka noma gero a ciki, shi ne yau jikoki suke kai takardarsa banki.

Jingina ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. In buƙata ta taso wa manomi, ko ta aure ko ta haraji, sai ya tafi wurin mai hali ya karɓi kuɗi, ya ba shi gonarsa. Mai kuɗi ya yi ta noma yana cin amfani, har ran da aka mayar masa da abinsa. Ba a cika rubuta kome ba. Ana kiran mai unguwa da dattawa, a zaga iyaka, a nuna kuka ko layin gamba, shi ke nan. Al'ada kuwa ta tsaya a kan cewa jingina ba ta zama saye, kome daɗewarta. Ko bayan mai gona ya rasu, ɗansa yana da ikon ya kawo kuɗin ya fanshi gonar ubansa. Amma fa rajistar duka tana cikin kan tsofaffi ne, ran da suka ƙare sai gardama ta tashi, a dunguma gaban alƙali. Malamai dai sun daɗe suna tunatarwa cewa Alƙur'ani ya yi umurni a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu.

Turawa suka shigo Katsina cikin 1903. Ba su daɗe ba sai maganar ƙasa ta dame su. Gwamna Girouard ya sa aka zaunar da kwamiti a Landan cikin 1908, daga shawararsa aka yi dokar 1910. Dokar nan ta ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin amfanin 'yan ƙasa. Watau mutum ba shi da ƙasar kanta, sai dai ikon zama a kanta da cin moriyarta. Cikin 1924 aka kafa dokar rajistar takardun ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar ƙasa cikin 1962, ta sa Minista a gurbin Gwamna. Duk da haka talakan cikin birni bai ji wani canji ba, don harkarsa ba ta wuce mai unguwa da Magajin Gari da alƙali ba. Takardar Gwamnati ta kamfanoni ce da manyan attajirai.

Cikin 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin nan na Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka. Ƙasar kowace jiha ta koma hannun Gwamnanta. Shi yake ba da takardar shaidar mallaka a birane, galibi ta shekara 99, ƙaramar hukuma kuwa ta ba da izni a karkara. Da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna cikin 1987, sai ofishin rajista ya zo gida.

A nan ne jingina ta juya. Da, mai ba da bashi shi yake riƙe gona. Yanzu mai cin bashi yana zaune cikin gidansa, banki kuwa takarda kaɗai ya riƙe, in an kasa biya ya sa gidan a kasuwa. Saboda haka ƙarfin banki duka yana ga takardar nan. Lauya ya rubuta ta, a nemi yardar Gwamna, a biya kuɗin hatimi, sa'an nan a kai ta rajista, a ba ta lamba da shafi da ranar da ta shiga. Ranar nan ba abin wasa ba ce. In mutum ya jinginar da gida ɗaya ga mutum biyu, doka tana gabatar da wanda ya riga yin rajista, muddin bai san da ɗayan ba.

Wanda yake shakkar nauyin yardar Gwamna, sai ya dubi shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda ta taso daga Ikko. An jinginar da filin Ajilo, aka kasa biyan bashi, banki ya tashi sayarwa. Sai mai fili ya ce ai ba a nemi yardar Gwamna ba. Banki ya ce filin nasa ne tun kafin dokar 1978. Kotun Ƙoli ta yanke cikin 1989 cewa jinginar ba ta ƙullu ba. Mutane da yawa sun ga rashin kyawun hukuncin nan, tun da wanda ya kamata ya nemo yardar shi ne ya ci ribar rashinta.

Sau da yawa yarjejeniya takan canja bayan an ƙulla ta. Ɗan kasuwa ya nemi ƙarin bashi a kan gidan nan, ko a tsawaita masa wa'adi. Ƙarin bashi yana jawo ƙarin kuɗin hatimi a kan tsohuwar takarda, amma Kotun Ƙoli ta ce cikin 2003 ba sai an sake neman yardar Gwamna don wannan ba. Abin da aka fi sakaci da shi kuwa shi ne ranar gama biya. Mutum ya karɓo takardar gidansa yana murna, ya sa a akwati, alhali littafin rajista yana nan yana cewa gidan a jingine yake. Sai banki ya rubuta takardar saki, an kai ta ofishin da aka kai ta fari, kana a soke jinginar. Akan sami magada su zo sayar da gida bayan shekara ashirin, mai saye ya aika a bincika rajista, a tarar da sunan wani banki wanda ya riga ya rushe, sai a shiga neman wanda ya gaji littattafansa ya sa hannu.