Ɗan Tallan da Ya Ruɗi Kansa

A 1949, bayan yaƙin duniya na biyu, aka fara nuna wasan kwaikwayon Arthur Miller, Death of a Salesman, a birnin Niyu Yok na Amurka. Willy Loman, mai yawon talla ɗan shekara 63, ya gaskata farin jini ne ke kawo arziki. Da ciniki ya mutu, sai ya riƙa rancen dala 50 kowane mako wurin maƙwabcinsa Charley, yana ce wa matarsa ladan aikinsa ne. Charley ya yi masa tayin aiki, girman kai ya hana shi karɓa. Daga ƙarshe ya kashe kansa don ɗansa ya sami kuɗin inshora, dala 20,000.

'Yan'uwa, wanda ya ɓoye wa kansa talaucinsa, yaya zai karɓi taimakon da Allah ya aiko masa ta hannun maƙwabci?