PAL ko NTSC? Tarihin lambobin da ke fito maka idan za ka fitar da bidiyo



Kaka ta yi, an sayar da masara da waken suya, bukukuwa sun kankama daga Funtuwa har Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi. Mai ɗaukar biki ya gama editin a waya ko kwamfuta, ya danna Export, sai manhajar ta jero masa lambobi: 24, 25, 30, 50, 60. Idan kuma faifan DVD zai buga, sai ta tambaye shi PAL ko NTSC. Da yawa kawai danna na farko suke yi su wuce. Daga baya sai a ga hoton yana ɗan tsalle idan kyamara ta juya, ko wasu layuka masu duhu suna ta gangarowa a fuskar amarya. Biki kuma ba a maimaita shi. To waɗannan lambobi suna da tarihi, kuma wanda ya san tarihin ba zai sake zaɓe da ka ba.

Daga wutar lantarki abin ya faro

Wutar da ke shigowa gidajenmu ba a tsaye take ba, kai-komo take yi. A Amurka tana yin wannan kai-komo sau 60 a sakan ɗaya. A Turai da mafi yawan Afirka, har da Najeriya da Nijar, sau 50 ne. Injiniyoyin farko na talabijin sun lura idan saurin hoton bai dace da saurin wutar ba, hoton yakan riƙa rawa. Sai kowane yanki ya ɗaure talabijin ɗinsa da wutarsa.

Dabarar da suka yi ita ce raba kowane hoto gida biyu: a zana layi na 1, 3, 5 har ƙasa, sannan a dawo a cike na 2, 4, 6. Rabin hoto sau 60 ya ba Amurka cikakkun hotuna 30 a sakan. Rabin hoto sau 50 ya ba Turai hotuna 25. Asalin 25 da 30 ɗin da kake gani a CapCut ko KineMaster kenan.

Da kala ta zo, duniya ta rabu uku

A 1941 wani kwamiti a Amurka mai suna NTSC ya tsayar da tsarin baƙi da fari mai layi 525. A 1953 suka ƙara masa kala. Don kada siginar kala ta riƙa karo da ta sauti, sai suka ɗan rage gudun hoton daga 30 zuwa 29.97. Wannan baƙuwar lamba har yau tana nan a manhajojin editin. Tsarin yana da matsala ɗaya: kalar kan goce a hanya, fuskar mutum ta koma kore-kore, shi ya sa talabijin ɗin Amurka na da suke da maɓallin gyaran kala na musamman.

A Jamus, wani injiniya na kamfanin Telefunken mai suna Walter Bruch ya samo magani a farkon shekarun 1960. Tsarinsa yana juya siginar kala a kowane layi, ta yadda kuskuren wannan layi zai kashe na mai bi masa. Shi ne PAL, mai layi 625 da hotuna 25. Ingila da Jamus ta Yamma suka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967. A wannan shekarar dai Faransa da Tarayyar Sobiyat suka ɗauki na uku, wato SECAM, wanda Henri de France ya ƙirƙiro. Shi ma layi 625 ne da hotuna 25, sai dai yadda yake ɗaukar kala daban ne.

Yadda rabon ya iso ƙasar Hausa

Talabijin ya fara a Najeriya a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959. A Arewa, gwamnatin Sardauna ta buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Lokacin Funtuwa tana lardin Katsina ne, daga baya ta zauna a jihar Kaduna har zuwa 1987 da aka ƙirƙiro jihar Katsina. Kala ta fara fitowa daga tashar Jos a tsakiyar shekarun 1970, a 1977 kuma aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Najeriya PAL ta ɗauka. Nijar kuwa ta bi Faransa ta ɗauki SECAM.

Ka ga ikon Allah: Bahaushen Katsina da Bahaushen Maraɗi, harshe ɗaya, ga auratayya ga kasuwanci ta Jibiya, amma talabijin ɗinsu ba ya jin yaren juna ta fannin kala. Kaset ɗin da aka ɗauka da SECAM, idan ka sa shi a na'urar PAL, hoton zai fito tunda layukan da gudun ɗaya ne, amma baƙi da fari. Kaset ɗin Amurka kuwa ya fi wannan muni, domin layukan da gudun duk sun bambanta, sai hoton ya riƙa birgima ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Shi ya sa a zamanin kaset na'urar da ke karanta kowane tsari ta fi daraja a kasuwa. Yawancin na'urorin 'yan Japan ne, kuma Japan kanta a lokacin NTSC take yi, amma waɗanda ake kawo mana an ƙera su ne don kasuwar PAL.

Ga wani abin mamaki ga masoya fim ɗin Indiya. Fim na silima hotuna 24 yake gudu a sakan. Idan za a juye shi zuwa kaset ɗin PAL, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara masa gudu ya koma 25, wato kusan kashi 4 cikin 100. Fim mai awa uku sai ya ragu da kimanin minti bakwai, muryar mawaƙa kuma ta ɗan ƙara siranta. Haka iyayenmu da yayyenmu suka sha kallo a gidajen kallo ba tare da kowa ya lura ba.

A kan wannan tsarin finafinan Hausa suka taso. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset ɗin VHS ya fito. Daga nan aka koma faifan VCD, wanda girman hotonsa a PAL 352 ne sau 288, sannan DVD mai 720 sau 576. Na NTSC 720 sau 480 ne. Daga baya masu tura fim a memori suka karɓe kasuwar, yanzu kuma YouTube.

Me ya mutu, me ya rage

Rigimar kala ta mutu. Fayil ɗin MP4 da ke wayarka bai san PAL ba, bai san SECAM ba, kuma bidiyon da aka ɗauka a Maraɗi yana buɗewa a Funtuwa da kalarsa. Talabijin na dijital ma ya fara a Jos tun 2016. Abin da bai mutu ba shi ne lambar 25, domin wutarmu har gobe sau 50 take kai-komo.

Wayoyin da muke riƙewa yawanci a kan 30 suke zuwa, gadon Amurka. Da rana a gona ko filin ƙwallo babu damuwa, rana ba ta ƙyaftawa. Amma dogon ƙwan fitila da ƙananan ƙwayayen LED masu araha suna ƙyaftawa sau 100 a sakan, ido ba ya gani, kyamara tana gani. Hotuna 25 ko 50 suna shiga 100 daidai, 30 da 60 ba sa shiga. Layukan da ke yawo a bidiyon kamu ko walimar dare daga nan suke. Wasu wayoyin suna gyara abin da kansu, wasu ba sa yi. Idan kuma ƙaramin janareta ne da gudunsa ke hawa da sauka, sai ka gwada ka duba allo kafin taro ya fara.

Sai tsofaffin kaset. Marigayi Alhaji Mamman Shata ya daɗe da zama a Funtuwa kafin rasuwarsa a 1999, kuma abin da gidajen talabijin na ƙasar nan suka ɗauka na wasanninsa a kan 25 yake. Haka kaset ɗin auren iyayenka. Idan ka juye shi ka fitar a 30, manhajar za ta riƙa maimaita hoto ɗaya cikin kowane biyar don ta cike giɓi. Sautin yana nan yadda yake, amma hannun makaɗi a kan kalangu zai riƙa ɗan tsalle. Idan kuma 30 ka mayar 25, hoto ɗaya cikin kowane shida za a jefar.

To yaya za ka yi?

Ka fitar da bidiyo a lambar da ka ɗauke shi. Ka ɗauka a 30, fitar a 30. Facebook, YouTube, TikTok da WhatsApp duk suna karɓa, babu wanda zai tambaye ka ƙasarka.

Idan da dare za ka ɗauka ƙarƙashin wutar Nepa, saita kyamarar a 25 ko 50 tun kafin ka fara. A iPhone shiga Settings, Camera, Record Video, ka kunna Show PAL Formats, 25 zai bayyana. A Android duba saitin kyamara wajen fps, ko inda aka rubuta 50Hz. Layukan da suka riga suka shiga hoto, canja lamba wajen fitarwa ba ya cire su.

Idan ku biyu ko uku ne kuke ɗaukar biki ɗaya, ku yi magana ku tsaya a lamba ɗaya.

Idan DVD za ka buga wa dangin da har yanzu da shi suke kallo, ko gidan talabijin za ka kai aikin, zaɓi PAL. Sai fa idan Amurka ko Kanada faifan zai tafi.

Idan tsohon kaset ka juye, bar shi a 25 da layi 576. In ka ga gefen abin da ke motsi ya yi haƙora kamar matajin kai, rabe-raben layukan nan ne na zamanin da, kunna Deinterlace a manhajar kwamfuta. Kuma ka adana kwafin farko yadda ya fito, kada ka taɓa shi, domin kaset ɗin kansa kullum ƙara lalacewa yake yi a cikin akwati.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba amare da angwayen bana zaman lafiya.