Matar da ke Jikin Kalanda

A shagon wani mai aski a Sabon Garin Kano na fara ganinta, ina ɗan shekara tara: mace mai yalwar gashi baƙi wuluk, maciji ya naɗe mata jiki, ta ɗaga wani sama da hannu. Mai askin, mutumin Anacha, ya ce Mami Wata ce, kar in ƙura mata ido. Kaina a sunkuye har aka gama askin.

Ashe baiwar Allah 'yar wasan maciji ce a Turai. A shekarun 1880 maɗaba'ar Adolph Friedländer da ke Hambug a Jamus ta buga hotonta don tallar wasa. Hoton ya biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya iske mutanen da tun kaka da kakanni suke da aljanun ruwansu, sai suka ce ai ga fuskar nan. A 1955 wani kamfanin kalanda a Bombai ya sake buga shi, aka aika dubu 12 zuwa Kumasi, daga nan ya bazu kasuwa-kasuwa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne babu jelar kifi a hoton. A ƙugu ya tsaya. Masu kallo ne suka ƙarasa sauran da kansu.

Mu dai a arewa 'yan ruwa muka sani, waɗanda iyaye ke tsorata yaro da su kar ya je kududdufi da tsakar rana. Masunta a kogin Binuwai kuwa sun san ayu, dabbar da Kolumbus ya ga irinta a 1493 ya ɗauka matan ruwa ne, har ya yi ƙorafin ba su kai kyan da ake zana su ba. Yau man ayu ake talla cikin kayan mata.

Masu fasaha ba su saki Mami Wata ba. Victor Uwaifo ya ce a bakin teku a Legas ta bayyana gare shi, ya yi waƙar "Guitar Boy". A 2023 C.J. Obasi ya fito da fim ɗin "Mami Wata", baƙi da fari, ya ci kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance. Na kalle shi a waya, cikin dare, kuma da aka nuno teku sai na tsinci kaina ina kawar da ido.