Mawaƙa Biyu Daga Tashar Jirgin Bamako

A cikin shekarar 1970 hukumar reluwe ta ƙasar Mali ta kafa ƙungiyar makaɗa a hotal ɗin da ke tashar jirgin ƙasa ta Bamako, domin su riƙa ɗebe wa baƙi kewa. Sunanta Rail Band, watau makaɗan reluwe, shugabanta kuwa wani mabushi ne wai shi Tijani Kone. Makaɗan albashi suke karɓa kamar sauran ma'aikata. To, daga cikin wannan ƙungiya aka sami mutum biyu waɗanda sunansu ya kai inda nata bai taɓa kaiwa ba.

Na farko shi ne Salif Keita, wanda aka haifa a Joliba cikin 1949. Abu biyu suka tsare masa hanya tun yana yaro. Ɗaya, zabiya ne, a wurin da jama'a ke camfa irin wannan halitta, ga kuma raunin gani wanda ya hana shi aikin koyarwa da ya so yi. Na biyu, gidansu jinin sarauta ne, zuriyar Sunjata Keita wanda ya kafa daular Mali. A al'adar Mandinko kuwa waƙa gādo ce ta maroƙa, ɗan sarauta shi ake yi wa, ba shi ke yi ba. Saboda haka da ya ɗauki waƙa sai mahaifinsa ya yi fushi da shi ƙwarai. Ya tafi Bamako ba shi da kowa, yana waƙa a kasuwa da gidajen shaye-shaye, har Tijani Kone ya ji muryarsa ya ɗauke shi.

Mutumin da bai gāji sana'a ba, tilas ya sami inda zai koye ta. Ƙungiyar nan ita ta zama masa gidan uba. A nan ya gwanance da ɗora tsofaffin waƙoƙin Mandinko bisa jita da ƙahonin Turawa.

Cikin 1973 ya bar su, ya koma wata ƙungiya mai suna Les Ambassadeurs, wadda daga baya ta ƙaura zuwa Abijan. A can suka yi faifan Mandjou a 1978, inda ya wasa Seku Ture, shugaban Gini, wanda ya ba shi lambar girma. Waƙar ta game Afirka ta Yamma, ko da yake mutane da yawa ba su ji daɗin ganin an yabi mai mulki da ya cika kurkuku da 'yan ƙasarsa ba, kuma suna da hujja. A 1984 Salif ya koma Faris da zama. Shekara uku bayan haka ya fitar da faifan Soro da sunansa shi kaɗai, daga nan fa duniya ta san shi.

Na biyun shi ne Mori Kante, mutumin Gini, maroƙi ɗan maroƙa, gwanin kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya 21. Ya shiga Rail Band a 1971, da Salif ya tashi sai shi ya gāji matsayinsa. Shi ma ya bi hanyar Abijan zuwa Faris. Waƙarsa Yeke Yeke ta fito a 1987, aka sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya, abin da ƙungiyar reluwe ba ta taɓa ko kusanta ba. Ya rasu a Konakiri cikin 2020.

Ita kuwa Rail Band ba ta watse da tafiyarsu ba. Jelimadi Tunkara, makaɗin jita, ya riƙe ta shekaru masu yawa, har ita ma ta je wasa Turai. Amma a can, in za a ba da labarinta, da sunan mutanen nan biyu da suka bar ta akan fara.