Hunturu a Gidajen Hausawan Jazira da Mai Wurno

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya janyo ƙarin Hausawa, da yawansu maniyyata aikin Hajji. Suka zauna a ƙauyukan 'yan ƙwadago da ake kira kambo.

Da hunturu ake fara tsinkar auduga. Mafi yawan mazauna kambo ba su da gonar kansu, wadda ake kira hawasha, don haka ladan 'yan watanni ake ja har damina. Nan tattalin mata ya shigo. Kuɓewar kaka a shanya ta a daka, ita ce Larabawan Sudan ke kira waika, a kaɗa miya a ci da tuwon dawa. A tsakar gida ana rainon lalle da zogale da ruwan wanke-wanke. Da dare a kewaye kaskon wuta ana saƙar faifai da tabarmar kaba da ɗinkin hula, a kai kasuwa.

Ɗalibi ya lura: tsiren da Sudan ta sani da suna agashe daga kalmar gashi ya fito. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa da yawa daga waɗannan gidaje, ga shi tarihin matansu a baki yake, kaɗan aka rubuta.