Sassabin zamani: rayar da itatuwan gona don jure fari

Sassabin zamani hanya ce ta rayar da itatuwa daga kututturan da ke cikin gona, ba tare da dasa sabbi ba. Sabara, kalgo, gawo da magarya sukan sake tohowa bayan an sare su, domin saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. A sassabe na gargajiya ana sare tohon duka a ƙone. A sassabin zamani kuwa ana zaɓen wasu a rene su.

Tarihi

Wannan hanya ta bunƙasa ne a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar. Tony Rinaudo, masanin aikin gona daga Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya ga yawancin itatuwan da ake dasawa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da ke cikin gonaki itatuwa ne da aka sare. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da aka daina rabon, manoma da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga amfani, maƙwabta kuma suka yi koyi da su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Yadda ake yi

Manomi yakan zaɓi kututturan da yake so. A kowane kututture sai ya bar rassa mafiya ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran da gatari ko adda mai kaifi. Yakan rage ƙananan rassan da ke ƙasa, ya kuma maimaita gyaran kowace shekara.

Amfani

Itatuwan suna tare iskar da ke binne shuka da rairayi, ganyensu yana zama taki, inuwarsu tana rage bushewar ƙasa. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Idan damina ba ta yi kyau ba, iyali suna da itacen sayarwa da abincin dabbobi, ba sai sun sayar da akuya ko gona ba.

Muhimmancin ƙungiya

Mutum ɗaya ba ya iya tsare itatuwansa. Bayan girbi dabbobi suna shiga gonaki, masu neman itace kuma suna sara da dare. Shi ya sa ƙauyuka irin su Dan Saga, a gundumar Agiye, suka kafa kwamitin tsaro da dokoki da tara. Kwamiti yana ɗorewa ne idan ya haɗa manoma da makiyaya da mata da mai gari. Ikilisiyar ƙauye za ta iya fara gwaji a gonarta, ta gayyaci maƙwabta duka, Kirista da Musulmi, su gani da idonsu kafin a kafa doka.